Fakon Idi

Zuwa ga yayana Idrisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa yana durƙushe, da fatan Allah ya sa makwancinka ya fi ɗakin da ka bari yalwa da sanyi, na rubuto maka ne a kan maganar gona.

Na san ba ka yi boko ba, kuma inda kake ba a kai takarda. Amma ni tsohon malamin firamare ne, abin da ban rubuta ba ji nake kamar ban faɗe shi ba. 'Yata Hauwa ta ce za ta sa wasiƙar a waya mutane su karanta. Na ce ta sa. Saboda su ne zan faro daga tushe, ka yi haƙuri da jin abin da ka riga ka sani.

Mu huɗu Inna ta haifa wa Baba waɗanda suka rayu: kai, Garba, ni, sai autarmu Hajo. Kai ne ɗan fari, kuma daga nan komai ya samo asali. Baba mutumin da ne, mai tsananin kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinsa ba. "Wancan" yake ce maka. Kana tsaye a gabansa zai juyo wajena ya ce, "A gaya wa wancan ya ɗaure jaki." Akwai wani Idi mai gyaran keke a bakin kasuwa, shi ma albarkacinka ya rasa sunansa, "mai keke" Baba yake kiransa. Mu abin dariya yake ba mu. Kai kuwa ko a jikinka.

Ka tuna shekarar da dagaci ya aiko kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa shi makaranta. Kai ba ka ma shiga zancen ba, wa zai ba da hannun damansa. Garba ya iya kiwo. Ni ne wanda da an miƙa masa fartanya sai ciwon ciki ya tashi. Aka ba da ni, ba wanda ya yi asara. Ragwancina ya zame mini albashi, ƙwazonka ya bar ka a gandu.

Gonakin Baba biyar ne. Tare ake noma su, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Da Garba ya yi aure ya shekara biyu, ya ce yana son a cire shi. Baba ya kira mai unguwa da liman, aka je gonar bakin rafi, ya taka iyakar da ƙafarsa, ya ce ya ba Garba halak malak. Da na fara koyarwa na yi aure, ni ma na buɗe baki na roƙa, aka yanka mini wani yanki a gaban mutanen nan dai. Mu yana iya magana da mu. Yana iya zaginmu, yana iya kiran sunanmu, don haka yana iya ba mu.

Kai sai aike ya yi. Ya tura Kawu Ɗanladi ya gaya maka ka zaɓi gonar da kake so a cire ka. Amsarka ta zaga ƙauyen nan har aka riƙa yi wa yara misali da ita: "Ba na raba tukunya da Baba yana numfashi." Kawu ya ce da ya kai wa Baba amsar, sai Baba ya tashi ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Bai sake tayar da maganar ba, kai ma ba ka tayar ba. Kowa ya yaba muku, ku biyun.

Sai maganar Fako. Wanda bai san ta a da ba ba zai yarda ba. Gona ce a bayan kukar nan ta hanyar Ɗambatta, ƙasa fara fat, mai tauri kamar daɓen ɗaki, ko tafasa ba ta fitowa a cikinta da daɗin rai. Baba ya gaje ta ne ya rasa yadda zai yi da ita. Kai ka sa kanka. Da an gama kaka, samari su kama hanyar cin rani, kai ka ɗaura wa jakunanka biyu mangala ka nufi Ɗambatta. Ka share kashin shanu a kara, inda ake cinikinsu, ka bi gidaje kana kwasar toka da juji, ka dawo ka zube, ka koma. Rani goma sha biyu kana wannan. Sarkin Juji muke ce maka. Matarka Dije takan ce ko ka yi wanka da sabulun salo sai ta san ta inda ka biyo.

Ka dasa gamba ta zagaye iyakar. Duk ɗan gawon da ya tsiro a ciki ka hana a sare shi. A hankali ƙasar ta yi duhu ta yi laushi, har garma ta riƙa shiga ba gardama. Mutane suka koma ce mata Fakon Idi. Baba kuwa "gonar wancan" yake cewa. Kowa ya san taka ce. Ba wanda ya ga dalilin da za a tara shaidu a kan abin da kowa ya sani.

Daga nan fari ya zo, shekara biyu a jere. Ruwa ya makara, ya kuma ɗauke gero yana ciki. Mata suka riƙa tone gidan tururuwa suna neman tsaba. An ci dusa a gidajen da a da akuya ake ba. Garin rogo da muke yi wa 'yan kudu dariya a kansa ya zama abincin masu hali. A gonakin Baba da suka rage da namu biyu, Fako kaɗai ta ba da abin da za a ɗaure a kira shi dami. Ba yawa, amma ƙasarta ta riƙe laima inda sauran suka sake. Da geron nan aka riƙe gidan Baba, kuma ni da Garba da muka raba tukunya muka riƙa aiko mata da ƙwarya.

Da bazara rijiyar unguwa ta ƙafe, aka ce sai an yashe ta an ƙara mata zurfi. Ba sai an tambayi wanda zai shiga ba. Ranar Talata da hantsi gefenta ya rufta. Ina aji ina koyar da lissafi aka zo aka kira ni. Kafin in iso an fito da kai, an shimfiɗe ka a gindin darbejiya, yashi a gemunka.

Baba ya zo ya tsaya daga nesa. Ya yi salati, ya juya. A zaman makoki yana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu, har wasu baƙi suka riƙa tambayar wane ne uban mamacin. Hawaye ko ɗigo ba a gani ba. Abinci dai ya daina ci daga ranar.

Aka zo rabon abin da ka bari wa Dije da 'ya'yanka biyu, Musa mai shekara tara da Zulai mai shida. Jaki biyu, mangala, garma, fartanya, da rigar sallah ɗaya. Malam ya fitar wa Baba sudusi, ya fitar wa Inna sudusi, don iyaye suna gadon ɗansu. Ban taɓa tunanin yadda ake raba jaki gida shida ba sai ranar. Su biyun suka ce a bar wa marayu. Fako ba ta shiga rabon ba. A ido taka ce, a hukunci ta Baba ce, tunda ba a taɓa ba ka ita da baki ba.

Mako bakwai ne tsakaninka da Baba. Makaranta tana hutu, don haka ni na zauna jinyarsa. Wata rana bayan azahar, Garba ya tafi kasuwa, Inna ta shiga maƙwabta neman kanwa, daga ni sai shi. Ya kama hannuna ya ce, "Sule, Fako ta 'ya'yan Idrisu ce. Ka kira mini liman in faɗa a gabansa. Ka ji ko?"

Ya faɗi sunanka, Yaya. Cikakke, ba Idi ba, Idrisu. Sau ɗaya ke nan a rayuwata na ji shi a bakinsa, kuma ya fito masa da sauƙi kamar kullum yana faɗa a zuci. Na ce na ji. Na ce masa liman ya tafi ta'aziyya wani ƙauye sai gobe, kuma gaskiya ne, ya tafi.

Gobe ta yi ban kira liman ba. Jibi ma haka. Rana ta uku bakin Baba ya rufe, ido kawai yake bi na da shi in na shiga. Rana ta biyar ya cika.

Ba mantuwa na yi ba, gara in faɗa kafin wani mai kirki ya nema mini uzuri. Matata Kulu tana da tsohon ciki, ga yara biyu suna kwana da kunun dusa, albashi ya yi watanni bai zo ba, kuma na ga da idona gonar da ke ba da hatsi in sama ta ƙi. Ban zauna na ƙulla cewa zan ci amana ba. Kullum dai cewa nake bari gobe, kuma na san sarai abin da nake jira.

Bayan sadakar arba'in malamin rabon gado ya zo da igiyarsa ta awo. Aka zauna a ƙofar gida. Ya yi bayani: Inna tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, sauran a raba mana, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Garba, da duk rashin haƙurinsa da kaushin bakinsa, shi ya tambaya, "To 'ya'yan Idi fa?" Malam ya ce ɗan da ya riga ubansa mutuwa ba shi da rabo, ba a gadon mai rai, kuma jikoki ba sa shiga muddin akwai ɗa namiji a raye. Ya ce hanya ɗaya ce: in mamaci ya yi musu wasiyya, a fitar musu kafin a raba komai, matuƙar ba ta wuce sulusin dukiya ba. Fako kuwa ba ta kai sulusi ba.

Sau uku ya tambaya ko akwai wanda ya ji wasiyya. Ni igiyar nake kallo. Sabuwa ce, ta rama, an ƙulle bakinta da tsumma ja. Har yau in na rufe ido ina ganinta.

Da aka zo fitar da kaso, sai na gyara murya na ce a bar mini Fako a cikin nawa, don in riƙa duba marayu da ita. Wurin ya ɗauki kabbara. Wani tsoho ya ce ilimi ya yi rana. Liman, wanda ban kira ba, ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a mai tsawo, ni ma na shafa.

Na sha jin 'yan boko irina suna cewa hukuncin ya yi wa jikoki tsauri. Ni ba ni da bakin faɗin haka. Shari'a ta bar ƙofa a buɗe, Baba ya tashi daga kan gadon mutuwa ya nufe ta, ya karya kunyar shekara arba'in don ya shiga. Ni na rufe ta.

Dije ta gama takaba ta koma gidansu da Zulai. Musa ya zauna wajen Inna har ta rasu. Duk kaka nakan aika musu dami uku, in shekara ta yi kyau biyar. Dije ta aiko da godiya, wani lokaci har da ƙuli-ƙuli. Kuma ina jin daɗin godiyar, wannan ma gara in rubuta shi.

Musa ya tashi da kafaɗunka da shirunka. Ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, a wurin da ko masu gona sun rarraba ta har ta koma kamar shimfiɗar tabarma. Sai ya shiga ƙodago. Da damina ya yi wa mutane noma, da rani ya tafi Kano tura ruwa a kura, ya dawo da tari. In lokacin noman Fako ya yi shi nake fara kira, in sallame shi kamar yadda ake sallamar kowa, wani lokaci in ɗan ƙara masa in ji ni mutumin kirki ne.

Ba ya noma ta kamar yadda ɗan ƙodago ke noma. In ya iske ɗan gawo sai ya kewaye shi. Inda gamba ta mutu ya cike. Wata bazara na je na tarar da tsibin taki a jere, aka ce Musa ne ya ari amalanke ya kawo, ba wanda ya sa shi. Na ce yaron nan akwai albarka. Da ya gan ni zai durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba Sule, barka da rana." Ko da ya yi furfura bai daina ba.

Za ka ce me ya hana ni ba shi bayan yunwa ta wuce. Kowace shekara da dalilinta. Bana aurar da 'ya, baɗi rufin ɗaki, wata shekarar takin zamani ya yi tsada. Kafin in ankara 'ya'yana sun girma suna cewa gonarmu. Kuma in zan ba shi sai an tambaye ni dalili, in na faɗi dalili addu'ar liman da kabbarar ƙofar gida sun zube.

Bayan na yi ritaya hawan jini ya kwantar da ni wata biyu, na tsorata. Sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Na samu takarda mai layi na rubuta da kyakkyawan rubutuna cewa bayan raina Fako ta Musa ɗan Idrisu ce. Abokan aikina biyu suka sa hannu. Na ninke ta na ajiye cikin akwati tare da takardun fansho. Ranar na ci tuwo sosai. Na shirya abin yadda zan ci gonar har in mutu, Musa ya samu, kuma ba sai na dubi idon kowa ba. Na girme shi da shekara kusan ashirin, don haka lissafina ya fita daidai. Ni da na ga ɗa ya riga uba da idona, a gidanmu, ban kawo komai a raina ba.

Tarin ya kwantar da Musa a bazarar nan da ta wuce. Na je duba shi a asibiti da lemo a leda. Na zauna a bakin gadon kusan awa guda. Ya rame, ba ya iya magana sosai, sai bakina yake kallo, ko ƙiftawa ba ya yi. Na ɗauka ciwon ya taɓa masa ji. Na ɗaga murya na ba shi labarin hadarin da aka gani a gabas da tsadar iri. Da na tashi tafiya ya yi ƙoƙarin ɗaga kai ya gaishe ni. Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Na zauna a rabon gadonsa. Mata ɗaya, Rabi, da 'ya'ya biyar. Keke, garma, fartanya, rigar sallah. In ban da jakunan, jerin naka ne aka sake karantawa.

Na ɗauki takardata na kai wa limaminmu na yanzu, jikan tsohon limamin ne, yaro mai karatu da natsuwa. Ya karanta ya ninke ta yadda take, ya ce, "Baba, wannan ta mutu tare da Musa." Ya ce wasiyya ba ta zama ta mutum sai mai yinta ya rasu shi yana raye. Tunda ya riga ni, ba ta taɓa zama tasa ba, balle 'ya'yansa su gada. In na mutu a haka, gonar 'ya'yana za ta koma. Ya ce amma abu ne mai sauƙi, sai in sake rubuta wata da sunan yaran.

Dariya ta kama ni a zauren, har ya tsorata. Wato in sake ajiye wata takarda in zauna in ga wa zai riga wani. Sai na ba shi labarin ranar nan bayan azahar, daga farko har ƙarshe. Shi ne mutum na farko da na taɓa gaya wa, ko Kulu ta rasu ba ta sani ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce abin da ke hannuna ba nawa ba ne da zan yi wasiyya da shi, kayan mutane ne, kuma kayan mutane ba a jiran mutuwa kafin a mayar. Ya ƙara da cewa a ƙa'ida sai an warware rabon farko duka, Hajo da magadan Garba su cika mini abin da zan rasa. Na ce a bar wannan. Garba ya rasu, gonarsa ta rabu gida tara, ba zan je in ce su biya kuɗin shiruna ba.

Babban ɗana Nasiru bai ji daɗi ba. Shi ina kiran sunansa, da ƙarfi ma, tun yana jariri na yanke wannan. Shi ke noma Fako shekara goma, ya riga ya tanadi iri, ga iyali, ga wannan zamani da kwanon gero ya fi ƙarfin mai albashi. Ya ce, "Baba, a wannan shekarar?" Na ce masa na gwada jiran shekarar da ta dace, ba ta zuwa. Yau mako biyu bai shigo gaishe ni ba. Ban ga laifinsa ba, an ba shi abu tun yana yaro an ce nasa ne.

Ranar Alhamis, washegarin ruwan farko, na tara mai unguwa da liman da dattawan da suka rage. Na aika aka zo da Zulai daga ƙauyen mijinta, ta zama kaka yanzu, ka ji. Rabi ta zo da 'ya'yan Musa. Muka taka iyakar tun daga kuka har muka dawo kuka, ina dogara sanda, gwiwoyina suna ƙara. Gambar da ka dasa tana nan. Gawon da ka hana a sare sun yi girman da mutum biyu ba sa rungume ɗaya.

Na tsaya a tsakiyar gonar na faɗi abin da Baba ya ce, da lokacin da ya faɗa, da abin da na yi bayan nan. Na ce Fako ta 'ya'yan Idrisu ce tun ranar da Baba ya cika, ni riƙe ta na yi ba bisa haƙƙi ba, yau na sake ta. Liman ya nuna rabon Zulai da na magadan Musa, aka kafa duwatsu, suka karɓa a gaban shaidu. Wannan karon ba wanda ya yi kabbara. Mai unguwa ya yi ta gyaran hula, aka watse.

Zulai ce ta tsaya. Muna gindin gawo ina hutawa, ta durƙusa gefe kamar yadda wanta ke yi, ta ce, "Baba Sule, ai mun sani."

Ka tuna bangon da ya raba ɗakin Baba da na Dije bai kai rufi ba. Tana ciki tana takaba ranar, ta ji komai, har da "na ji" ɗina. Ba ta iya fitowa ba, kuma wa zai karɓi maganar matar mamaci a kan gonar 'ya'yanta. Ta riƙe har Musa ya kai shekara goma sha biyar, sannan ta gaya musu. Zulai ta ce da ta yi aure ta so a kai maganar gaban alƙali, mijinta ya yarda zai tsaya mata. Musa ya hana. Ya ce, "Ƙanin ubanmu ne, ba za mu tsayar da shi a gaban mutane ba. Zai faɗa da bakinsa." Duk kaka in an kai wa uwarsu damin nan nawa, Zulai takan tambaye shi, ya faɗa? Sai ya ce, tukuna.

Ta faɗi wannan ba ɗaga murya, ba kuka. Ta yi mini godiya, ta gyara mayafinta, ta bi bayan Rabi. Ni na zauna a wurin har la'asar ina tuna awa gudan nan ta asibiti, da abin da yake kallo a bakina, da hadarin gabas.

Yayana, ɗanka ya gaje ka. Bai gaji ƙasa ba, ya gaji wannan kunyar taku da ke sa mutum ya tsaya a bakin abinsa yana jira a ce masa bismilla. Ku uku kuka yi ta, Baba da kai da shi, kuma duk ni na ci ribarta. Ina kewarka, ban taɓa faɗa ba. Ina kewar warin jujin nan da kake shigowa da shi gida, da yadda kake ɗauke mini kunyata a gona ka ƙarasa ba ka gaya wa Baba ba. Geron shekara arba'in mun cinye shi, ba ni da inda zan samo shi in mayar. Ƙasar kaɗai na iya mayarwa, ita ma a makare.

Sun yi shuka ranar Asabar. Jiya na bi ta hanyar, ban shiga ba, daga bakin gamba na leƙa. Ya tsiro.

Allah ya jiƙanka, ya sa ruftawar rijiyar nan ta zame maka shahada. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa ku a inda zai kira sunanka a gaban kowa ba nauyi. Allah ya jiƙan Inna da Garba da Kulu, ya saka wa Dije da abin da ta haɗiye. Allah ya ba Fako ruwa a kan lokaci, ya sa 'ya'yan Musa su ci daga gare ta su ƙoshi, ya huce zuciyar Nasiru. Ni kuma ya yafe mini, in ku kun yafe.

Saƙo ɗaya nake roƙon ka isar mini, tunda ya riga ni zuwa wajenka. In ka ga Musa, ka ce masa Baba Sule ya faɗa.

Ƙaninka,
Sule